Yadda ake saka sabon kifi da ƙumbar teku a tankin murjani

Kifi da ƙumbar teku a tanki ɗaya za su zauna, amma kowa da ƙofar da yake bi ya shiga. Sabon kifi yana son duhu, da tanki fayau ba dutse ba yashi, kuma sau da yawa sai an bi shi da maganin jan ƙarfe kafin ya haɗu da sauran. Ƙumba kuwa da haske take rayuwa, kuma jan ƙarfen da ke warkar da kifi, ko kaɗan ya taɓa ruwanta ya gama da ita. Wanda ya yi musu shiri iri ɗaya, ɗaya daga cikinsu zai rasa.

Ƙumbar da ake nufi ita ce dangin Tridacna, mai ɓawo biyu masu lanƙwasa, wadda ke zaune a ruwa mara zurfi na tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya. Naman nan mai launi da take bazawa a bakin ɓawonta shi za mu riƙa kira mayafi.

A fara auna tankin

Kafin ka sayo komai, ka auna ruwanka, ka sake aunawa bayan kwana uku, ka ga ko lambobin sun tsaya wuri ɗaya. Gishiri ya kasance 1.025 zuwa 1.026 a ma'auni, wato giram 35 a kowane kilo na ruwa. Zafi digiri 25 zuwa 26. Amoniya da naitirait, gubobin da ke fitowa daga kashin kifi, su zama sifili. Naitiret, wanda naitirait ke komawa a ƙarshe, tsakanin miligiram 2 da 10 a lita, fosfet 0.03 zuwa 0.1, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, 8.0 zuwa 8.4. In da ƙumba a cikin shirin, sai a ƙara uku: kalsiyom miligiram 400 zuwa 450 a lita, alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, 8 zuwa 9 a ma'auninsa da ake kira dKH, maganiziyom miligiram 1250 zuwa 1400 a lita.

Ma'aunin gishirin ma yana buƙatar dubawa. Rifiraktomita, na'urar auna gishiri da ake leƙawa, tana karkacewa da kanta in ta daɗe, don haka a daidaita ta da ruwan gwaji na 35. Na roba mai allura kuwa, ƙaramin kumfa ɗaya in ya maƙale wa allurar sai ya ba ka lambar ƙarya.

Kifi na iya shiga da zarar bakteriyar tanki mai cinye amoniya ta kafu, amoniya da naitirait sun sauka sifili sun zauna. Ƙumba ba haka ba. A bar tanki ya yi wata shida aƙalla, shekara ta fi, har sai ka san yawan alkalinitin da yake sha a rana kuma kana mayar masa da shi ba fashi.

Zaɓen kifi, da wanda zai riga wani shiga

Tsaya gaban tankin mai sayarwa minti goma kafin ka nuna ko wanne. Ka ce a ba su abinci a gabanka. Wanda bai ci ba ka bar shi, komai kyansa. Duba numfashi: in marfin kumatunsa na bugawa da sauri, ko ɓangare ɗaya kawai ke motsi, akwai matsala a mashaƙarsa. Duba ido ko ya yi hazo, fikafikai ko sun manne da jiki, ciki ko ya shafe, bayan kai ko ya rame. Kifin da ke goga jiki da dutse, ko ya tsaya yana fuskantar bakin famfo, ƙwayar cuta ce ke cizonsa. Ka kuma duba maƙwabtansa, domin a shaguna da yawa ruwa ɗaya ne ke zagaya tankuna da dama. Tambaya ta ƙarshe, wadda mutane ke mantawa da ita: gishirin ruwansu nawa ne? Da yawa suna riƙe kifi a 1.018 zuwa 1.022, ƙasa da na tankin murjani sosai.

Masu sanyin hali su ke fara shiga: gobi, kadinal, kifin wuta na dangin Nemateleotris, da kilawun. Masu kafa iyaka su zo daga baya: tang, damsel, da dangin Pseudochromis. In aka juya wannan jerin, mafaɗacin zai mallake dukan duwatsu, duk wanda ya biyo bayansa baƙo ne abin kora. Kada a wuce kifi ɗaya ko biyu a lokaci guda, a bar mako biyu zuwa huɗu a tsakani, don bakteriya ta yawaita daidai da ƙarin kashin da ke shigowa.

In ana son ƙumba, tun yanzu za a cire wasu daga lissafi: manyan enjel, kifi malam-buɗe-littafi, talibambam, da tiriga. Ƙananan enjel na dangin Centropyge caca ne, wani ya yi shekaru bai kula ta ba, wani ya wayi gari yana tsattsagar mayafinta. Haka ma kifin wanke-wanke Labroides da bileni mai launi biyu.

Tankin killacewa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi muhimmanci. Ba ya buƙatar kaya masu yawa: tanki mai lita 40 zuwa 80 gwargwadon girman kifi, hita, matatar soso mai aiki da iska, guntayen bututun roba na famfo don ɓuya, ma'aunin zafi, alamar amoniya da ake mannawa a gilashi, da murfi. Ba dutse, ba yashin murjani, domin suna tsotse magani. In kifin mai kwana cikin yashi ne, kamar dangin Halichoeres, a sa masa yashin silika a ƙaramar roba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Soson matatar a jefa shi cikin tankin tacewa na ƙasan babban tanki mako huɗu kafin zuwan kifi, don bakteriya ta kama shi. Tankin killacewa da ba a yi wa haka ba, amoniya ce za ta kashe kifin tun kafin wata cuta ta nuna kanta. Soson da ya taɓa magani kuma ba ya komawa babban tanki har abada. Koma, bokiti, tiyo da tawul na killacewa su zama nasa shi kaɗai, a kuma ajiye shi nesa da babban tanki kamar mita uku saboda feshin ruwa.

Ranar da kifi ya iso

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta da kyau, domin shawarar da aka fi yaɗawa, wato a yi ta ɗiga wa kifi ruwa awa ɗaya ko biyu, ba kowane lokaci take daidai ba.

Kifin da ya kwana a ɗaure cikin leda yana fitar da abu biyu: amoniya da iskar da yake fesarwa, wato CO2. Iskar ba ta da hanyar fita, sai ta narke a ruwa ta sauko da pH, har ƙasa da 7.5. A wannan yanayin yawancin amoniyar tana komawa nau'in da ba shi da dafi sosai, shi ya sa kifin ke iso da rai. Da ka kwance bakin leda, iskar ta fara ficewa, pH ya fara hawa, amoniyar nan ta koma mai dafi. In kuma ka ɗiga ruwan tanki mai pH 8.2 a kai, ka ƙara hanzarta abin. Kifin zai zauna cikin guba yana ƙone mashaƙarsa, kai kuma kana ganin gata kake masa. Sai bayan kwana biyu ya mutu, a rasa dalili.

Don haka kifin da ya yi doguwar tafiya, sama da awa shida a leda, ga yadda za a yi:

1. Rage hasken ɗaki, kashe fitilar tanki, sannan ka buɗe kwalin. Kifin ya daɗe a duhu, haske kwatsam yana firgita shi.
2. Ɗora ledar a kan ruwan tankin killacewa a ɗaure, minti 15 zuwa 20, zafinsu ya daidaita.
3. Huda ledar da allurar sirinji a sama, ka zuƙi ɗigo kaɗan, ka rufe hudar da salatif, ka auna gishirin.
4. Daidaita gishirin tankin killacewa da na ledar. In na tankin ya fi, ƙara tataccen ruwan injin RO, wato ruwan da aka tace ba gishiri, mai zafi daidai da na tankin, har su yi daidai, ko bambancin bai wuce 0.001 ba.
5. Yanka ledar, juye a bokiti ta cikin matsami na roba, ka ɗauki kifin ka saka a tanki nan take. Ruwan ledar a zubar, ko cokali ɗaya kada ya shiga.

Kifin da aka sayo kusa, wanda bai wuce awa ɗaya ko biyu a leda ba, shi ne ɗigo ya dace da shi. Juye shi da ruwansa a ƙaramin bokiti, ka jingina bokitin in ruwan bai rufe shi ba. Ɗauki siririn tiyon iska, ka ɗaura masa ƙulli sako-sako, ka zuƙo ruwa daga tanki, ka matse ƙullin har ya riƙa ɗiga biyu zuwa huɗu a daƙiƙa. Ruwan ya ninka, ka zubar da rabi, ya sake ninkawa, shi ke nan. Minti 30 zuwa 45 ya isa. Rufe bokitin, domin kifi a firgice tsalle yake yi, kuma a ɗaki mai sanyi ƙaramin ruwa yana hucewa da sauri.

Kifi yana jure saukar gishiri fiye da hawansa. Hawa da sauri yana janye ruwan jikinsa. Saboda haka in ya zo a 1.019, kada a ce sai ya kai 1.026 a ranar. A ɗaga 0.001 zuwa 0.002 a kullum. Hanya mafi sauƙi ita ce, ruwan da ya ƙafe daga tanki a riƙa cika shi da ruwan gishiri maimakon tatacce, har a kai inda ake so.

Wajen kamawa a kula. Tang yana da ƙaya mai kaifin aska a gindin wutsiya, enjel yana da tasa ƙayar a kumatu, dukansu suna sarƙewa a koma. A kama su da kofin roba. Kifin zomo da kifin zaki kuwa ƙayoyinsu na da dafi, hannu bai kamata ya kusance su ba.

Kada a ba da abinci a ranar farko. Washegari a fara da kaɗan, abin da bai ci ba a zuƙe shi da tiyo.

Abin da ake nema a killace

Cututtuka huɗu ne aka fi tsoro. Fararen ɗigo kamar ƙwayar gishiri a jiki da fikafikai, Cryptocaryon ke nan. Ƙura-ƙura kamar an barbaɗa gari, tare da haki da gudun haske, Amyloodinium ke nan, kuma shi ne mafi sauri, yana iya share tanki cikin kwanaki kaɗan. Majina mai kauri tana saɓulewa daga jikin kilawun, Brooklynella ce. Sai tsutsotsin fata da na mashaƙa, waɗanda ido ba ya gani sai an tsoma kifin a tataccen ruwa mai zafi da pH daidai da na tanki na minti biyar, su yi fari su zubo kamar ƙananan ƙwayoyi a ƙasan roba. A yi amfani da baƙar roba don a gan su.

Ya kamata a san yadda Cryptocaryon ke rayuwa, domin shi ke bayyana dalilin tsawon jiran. Ƙwayar tana cin jikin kifi kwana uku zuwa bakwai, sai ta faɗo ta manne a dutse ko gilashi ta rufe kanta da kwanso. A ciki take rarrabuwa, bayan kwanaki ko makonni ta fashe ta saki ɗaruruwan 'ya'ya masu iyo, waɗanda in ba su sami kifi cikin kwana ɗaya ko biyu ba sai su mutu. Don haka ɓacewar ɗigon daga jikin kifi ba warkewa ba ce, faɗowa suka yi su hayayyafa. Magani kuma masu iyon kawai yake kashewa.

Akwai masu killacewa su zuba ido kawai, mako huɗu zuwa shida, sai sun ga alama su yi magani. Akwai masu yi wa kowane kifi magani tun daga farko. Ga kifi irin tang, wanda ɗigon ke saurin kamawa, hanya ta biyu ta fi aminci, domin ƙwayar na iya ɓuya a mashaƙa ba a ganta.

Maganin jan ƙarfe iri biyu ne, kuma ma'auninsu ya bambanta ƙwarai. Irin su Copper Power ana riƙe su a miligiram 2.0 zuwa 2.5 a lita, Cupramine kuwa 0.5. Wanda ya rikita su zai kashe kifi ko ya yi aikin banza. A bari kifin ya fara cin abinci, sannan a ɗaga maganin a hankali cikin kwana uku zuwa biyar, a riƙe shi kwana 30, ana aunawa kullum. In ya sauka ƙasa da ma'auni ko na rana ɗaya, lissafi ya koma farko. Saboda haka ruwan canji ma sai an zuba masa magani kafin ya shiga. A cire gawayin tace ruwa. Kada a haɗa Cupramine da magungunan ɗaure amoniya, haɗin yana mayar da jan ƙarfen ya ninka dafi. In amoniya ta taso, canjin ruwa ne mafita, kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari. Ƙananan enjel, talibambam da wasu ras, wato dangin su Halichoeres da Labroides, ba sa jure shi sosai, in kifi ya daina ci a dakata da ɗagawa.

Tsutsotsi kuma praziquantel ne maganinsu, miligiram 2.5 a lita, a maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai don ƙwan da suka ƙyanƙyashe. Yana rage iskar ruwa, sai a ƙara dutsen kumfa.

Bayan magani a cire shi da gawayi da canjin ruwa, a ƙara mako biyu ana kallo. Wanda ya ga wannan ya yi tsawo ya tuna da ɗayan ɓangaren: in cutar ta shiga babban tanki, ba a zuba jan ƙarfe a kan murjani. Dole a kamo kowane kifi, a bar tankin ba kifi kwana 76.

Shiga babban tanki

Gishiri da zafin tankunan biyu su zama ɗaya, sai a ɗauke shi kai tsaye. A ciyar da tsofaffin kifaye su ƙoshi, a kashe fitila, a saki baƙon da yamma. Mafi kyau a sa shi a akwatin roba mai huji da ake rataye a cikin tanki, kwana uku zuwa bakwai. Suna ganinsa, suna kai masa hari ta bayan roba, har su gaji. Shi kuma yana cin abinci ba mai ƙwace masa.

Ɗan kore-kore na kwana biyu ba abin damuwa ba ne. Amma in baƙon ya maƙale a kusurwar sama ko bayan famfo, fikafikai a yage, bai fito cin abinci ba, to a raba su. A cire mai faɗan ne a sa shi a akwatin na mako guda, a ɗan sauya zaman duwatsu don iyakokin su rushe. Manna madubi a jikin gilashi ma yana ɗauke hankalin tang na ɗan lokaci. Murfin raga kuwa dole ne, domin ras, gobi da kifin wuta a daren farko suka fi tsallakewa waje.

Zaɓen ƙumba

Iri biyar aka fi samu, kuma ba buƙatarsu ɗaya ba. Derasa ce ta fi juriya, tana zama a yashi, amma tana girma da sauri har ta haura santimita 50. Squamosa mai manyan faratai a ɓawo tana bin ta a sauƙi, tana kai wajen santimita 40. Maxima ta fi su son haske, kan dutse take zama. Crocea ce ƙaramarsu, wajen santimita 15, ita ta fi kowa buƙatar haske, a teku ma cikin dutse take rarake wa kanta gurbi. Gigas kuwa tana wuce mita ɗaya da kilo 200, ba ta tankin gida ba ce. Mai farawa ya ɗauki derasa.

Dukan dangin suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, wato cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da takarda. A nemi waɗanda aka haifa a gonakin ruwa, irin na Palau da tsibiran Mashal. Sun fi sabawa da tanki, kuma ba a rage na teku ba. A guji 'yan ƙanana ƙasa da santimita biyar, suna saurin mutuwa. Mai santimita bakwai zuwa goma ta fi.

Gwajin farko shi ne inuwa. Gitta hannu tsakaninta da fitila. Mai lafiya za ta zabura ta janye mayafi ta rufe ɓawo, bayan ɗan lokaci ta sake buɗewa. Wadda ba ta motsa ba, ko ta motsa da ƙyar, a bar ta. Mayafin ya bazu ya rufe bakin ɓawo ko'ina, launi cikakke ba farin tabo. Ƙofar shan ruwanta ta zama siririyar tsaga. In ta wangame har kana hango cikinta, ɓawon ya buɗe fiye da kima, mayafi ya ja ciki, wannan ƙumba ta kama hanyar mutuwa. Leƙa ƙarƙashin mayafi a bakin ɓawo: fari tas ɗin layi na sabon ɓawo shaida ce cewa tana girma.

Sai ƙasanta. Kusa da mahaɗin ɓawo akwai rami inda take fitar da zaren da take kama dutse da shi. Naman wurin ya zama fari, a cike, ba yagewa. In an fizge ta daga dutse da ƙarfi, gaɓar da ke saƙa zaren tana yagewa, kuma sau da yawa ba ta tashi. In ta kama wani abu a shago, a sayo ta da abin, ko a yanke zaren da reza can kusa da dutsen, nesa da jikinta. Ba a ja.

Tsaftacewa da saukarwa

A daidaita zafi minti 15, sannan ɗigo minti 45 zuwa 60, domin ta fi kifi jin sauyin gishiri. Kada a tsoma ta a ruwan maganin da ake wanke murjani da shi. Tana zuƙe shi cikin jikinta.

Da hannu ake tsabtace ta. Fito da ita, za ta rufe, ɗan zama a iska na minti biyu ba ya mata komai. Ɗauki tsohon buroshin haƙori ka goge ɓawon a roba mai ruwan gishiri, musamman ƙarƙashin faratai da kewayen ramin zare. Abin da ake nema ƙananan dodon koɗi ne farare, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, 'yan dangin Pyramidellidae. Da rana suna ɓuya, da dare su hau bakin ɓawo su soka baki a mayafi suna tsotsar ruwan jikinta. Ƙwansu kamar ɗigon majina ne mai haske manne a ɓawo, shi ma a kankare. In akwai anemonin Aiptasia, wata ƙaramar halitta mai harbi, a jikin ɓawo a kankare ta tun a waje. Mayafin da naman ƙasa kada buroshi ya taɓa su.

Ƙwayar Cryptocaryon ba ta cin ƙumba, amma kwansonta na iya mannewa a ɓawo in ta fito daga tanki mai kifi. Mai son cikakken tsaro sai ya riƙe ta kwana 76 a wani tanki da ba kifi, mai haske da ruwa irin na babban tanki, wanda jan ƙarfe bai taɓa shiga ba. Tankin killace kifi bai dace da ita ba ko an wanke shi.

Da ka saka ta cikin ruwa, juya ta a hankali sama da ƙasa sau biyu ko uku har kumfar da ta maƙale a ciki ta fice.

Mazauni, haske da kaɗawar ruwa

A zaunar da ita a miƙe, mayafi na kallon fitila, ramin zare a ƙasa. Dabara mai amfani ita ce a sa mata ɗan faifan dutse ko rabin ɓawo a ƙarƙashi. Cikin kwanaki zuwa mako biyu za ta kama shi, daga nan duk inda za a kai ta sai a ɗauka da dutsen. Yana kuma toshe ramin daga tsutsotsi. Derasa da squamosa a yashi. Maxima da crocea a kan dutse, a gurbin da ba za ta faɗo ba amma bai matse ta ya hana ta buɗewa ba. A bar tazara tsakaninta da murjani masu harbi, kamar Euphyllia da Galaxea, waɗanda ke miƙa dogayen hannuwa da dare.

A cikin mayafin akwai ƙwayoyin gansakuka masu rai da ke sarrafa haske su ba ta abinci. A ma'aunin ƙarfin haske da ake kira PAR, derasa da squamosa na son 150 zuwa 250, maxima 250 zuwa 400, crocea 350 zuwa sama. Amma ba a kai ta can a rana ɗaya. A fara daga ƙasan tanki, a riƙa ɗaga ta mataki-mataki cikin mako biyu zuwa uku. Haske ya yi yawa kwatsam, mayafi zai koɗe ya yi fari. Ya yi kaɗan, sai launi ya dushe ya koma ruwan ƙasa, ta miƙe mayafi fiye da kima, ta yi ta ramewa a ɓoye wata da watanni kafin ta mutu rana ɗaya.

Ruwa ya riƙa kaɗa mayafin a hankali. In yana naɗe shi ko yana ɗaga shi sama, ya yi ƙarfi. Ƙumbar da ke ta tunkuɗa kanta tana faɗuwa gefe, wurin ne bai mata ba. A sauya mata sau ɗaya, a ƙyale ta. Yawan ɗagawa da ajiyewa yana gajiyar da ita.

Makonnin farko

Ƙumba mai girma tana shan kalsiyom da alkaliniti fiye da yadda ake zato. A auna alkaliniti sau biyu a mako a watan farko, a ƙara abin da ake zubawa daidai da abin da ya ragu, kada sauyin ya wuce dKH ɗaya a rana. Tana kuma tsotsar naitiret da fosfet, don haka tankin da aka tace har suka koma sifili yunwa zai sa mata. 'Yan ƙanana na amfana da ruwan filanktan, wato ƙananan halittun ruwa da suke ci, sau biyu ko uku a mako. Manya haske da kashin kifi sun ishe su.

Sau biyu a mako, awa ɗaya ko biyu bayan kashe fitila, a haska bakin ɓawon da tocila a nemi dodon koɗin nan. In an gani, a fito da ita a goge, a maimaita duk bayan kwana uku har mako uku ko huɗu, saboda ƙwan da ke ƙyanƙyashewa. Ras mai layi shida da dangin Halichoeres suna cin su, amma ba sa ƙarar da su, tunda su da rana suke kiwo, dodon koɗin kuma da dare yake fitowa.

In ƙumba ta ƙi buɗewa da rana, a koma nesa da tanki a zauna shiru minti 20. Kifin da ke tsattsagarta ba ya yi in mutum na tsaye a gaban gilashi. In an gano shi, ɗayansu ne zai bar tankin, domin ƙumbar da ke rufe duk yini ba ta samun abinci.

In gefen mayafi ya tattare ya murɗe kamar an tsunkule shi, kuma ba kifi ba murjani kusa, ana danganta wannan da ƙwayar cuta ta dangin Perkinsus, kuma tana yaɗuwa zuwa sauran. Abin da aka saba yi shi ne tsoma ta a tataccen ruwan RO mai zafi da pH daidai da na tanki, minti 20 zuwa 30, a girgiza ta kaɗan don ruwan ya shiga ciki, a mayar, a sa sabon gawayi a matata. Za ta yi kwana ɗaya ko biyu a takure kafin ta saki jiki. Wadda ta riga ta raunana ba lallai ta jure ba, don haka a yi shi da wuri, tun tana amsa inuwa.

Wadda ta wangame, mayafi ya rabu da ɓawo, ba ta motsi ko an taɓa ta, a fito da ita a sansana. In ta mutu warin ba ya ɓuya. Kada a bar ta ta kwana, naman yana ruɓewa da sauri ya ɗaga amoniya. A canza kashi 20 zuwa 25 na ruwan, a sa gawayi, a auna amoniya washegari, kuma kada a sayo wata sai an gano abin da ya kashe ta farko.